Ƙirga na gabanka kafin ka tattara kaya

Ɗan yayana da ke buga wa jami'arsu ƙwallon kwando ne ya kira ni da tsakar dare, can wajensu a Amurka magariba ta yi kenan. Ko gaisuwar kirki bai bari mun gama ba. "Baffa, wallahi kocin nan ba ya yi da ni. Kakar wasa na ƙarewa zan sa sunana a fotal." Fotal ɗin nan rajista ce da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta buɗe a 2018, ɗan wasa ya shigar da sunansa, sauran jami'o'i su san yana neman wurin komawa. Na ce masa, "Su wa ke gabanka a gurbin da kake bugawa, kuma kowannensu ajinsa nawa?" Shiru. Sai ya koma lissafa mini mintinansa, wasa kaza minti huɗu, wasa kaza ko rigar sama bai cire ba. Mintin duk ya haddace su. Mutanen da ke cinye mintin kuwa, bai taɓa zama ya ƙirga su ba.

Abin da ya hana ni barci a daren shi ne har kalaman bakinsa irin waɗanda na taɓa faɗa ne.

A Zariya na koyi ƙwallon kwando, a filin siminti, kuma tsawo ne ya kai ni Amurka ba gwaninta ba. A farkon shekarun 2000 wata jami'a a tsakiyar ƙasar, cikin jihohin nan da ƙanƙara ke binne mota, ta ba ni gurbin karatu kyauta. A rukunin farko na NCAA take, amma ba cikin manyan da ake haskawa a talabijin ba. A gida ni ne dogon da kowa ke miƙa wa ƙwallo. Ina sauka na tarar da dogaye irina har uku, biyu sun fi ni faɗin kafaɗa, kuma sun shekara uku suna jin muryar kocin nan.

Lissafin da ban yi ba a lokacin mai sauƙi ne ƙwarai. Wasan maza a jami'a minti 40 ne, rabi biyu na minti 20. Mutum biyar ke cikin fili, don haka minti 200 ake rabawa, babu ƙari sai in an tashi kunnen doki an ƙara lokaci. A zamaninmu mutum 13 ke da tallafin karatu a ƙungiya, ga kuma masu biyan kuɗin makarantarsu su shigo don sha'awa. Yanzu, bayan sasancin NCAA da 'yan wasa da kotu ta amince da shi a 2025, jami'o'in da suka shiga tsarin suna iya ɗaukar har 15. Kwanon tuwon dai ɗaya ne, hannuwa ne suka ƙaru. In biyar ɗin farko kowa ya ci minti 30, an tafi da 150. Ragowar 50 na shida da na bakwai da na takwas ne ke raba su. Daga na tara zuwa ƙasa sai abin da ya zubo. Kuma da an shiga Fabrairu da Maris, lokacin da kowane wasa ke iya yanke hukuncin kaka, yawancin masu horarwa sai su ƙara tsuke hannu su tsaya a kan mutum bakwai ko takwas. Ni na goma sha ɗaya ne. Ban sani ba, don ban ƙirga ba.

Kujerata ita ce ta kusa da tulun ruwan sanyi, can ƙarshen benci. Akwai wani dogon wando mai maɓallai a gefe da ake sawa a kan gajeren wandon wasa, wanda in koci ya kira ka sai ka fizge shi lokaci guda. Nawa sau da yawa a ɗakin canza kaya nake ɓalle shi, maɓalli ɗaya bayan ɗaya, bayan an tashi. Ranar da aka ba mu rata mai yawa, ko mu muka bayar, sai koci ya leƙo ƙarshen benci saura minti biyu ya yi nuni da yatsa. Ɗalibai su kaure da ihu suna kiran sunayenmu. Su a ganinsu ƙauna ce. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage. A atisaye aikinmu shi ne mu kwaikwayi ƙungiyar da za a kara da ita: a ba ka riga mai wata kala a ce yau kai ne dogonsu, ga yadda yake juyawa, yi irin nasa. Mako guda kana zama wani mutum don wasu su koyi yadda za su tare shi.

Ba zan ce laifin duk nawa ne ba. Mataimakin kocin da ya nemo ni ya ce mini a waya zan buga tun shekarar farko. Ya faɗa, kunnena ya ji. Babban kocin kuma mutum ne da ba ya bayani, sai ka yi wata bai kira sunanka ba sai in zai yi faɗa. A shekarun nan azumi yana faɗowa ne a Oktoba da Nuwamba, daidai lokacin da ake buɗe atisaye ana tantance wa zai buga wa zai zauna, ni ina gudu da baki a bushe wasu suna kwankwaɗar ruwa. Akwai kuma wani ɗan jihar da iyayensa ke zama bayan bencinmu kowane wasa, yana samun mintin da har gobe ina ganin na fi shi cancanta. To amma shi ba ya yin fawul biyu cikin minti uku. Ni duk wanda ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa sai na tashi sama, in sauko a kansa. Fawul biyar ke fitar da mutum a wasan jami'a, wane koci zai dogara da wanda ke cinye rabinsu kafin gumi ya keto masa? Batun azumi kuma, Hakeem Olajuwon da azumi a bakinsa ya riƙa buga NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, don haka wannan uzurin ni kaina na daina kawo shi a gaban mutane.

Babbar matsalata ma ba tsalle ba ce, shiru ne. Dogon da ke tsaye ƙarƙashin kwando shi ke ganin filin gaba ɗaya, shi ya kamata ya riƙa ihu yana gaya wa abokansa ga wani nan ya tsaya ya yi shinge ta hagu, ga wani ya zille ta baya. Ni kuwa kunyar Turancina nake ji. A ɗakin kallon bidiyo, fitila a kashe, mataimakin koci ya riƙa mayar da hoto ɗaya baya yana sake kunnawa: an kafa wa ɗan gabanmu shinge, ya yi karo da shi, ni ina tsaye a baya bakina a rufe. Ya ce mini ranar da na fara magana a fili ranar zan fara bugawa. Na ɗauka raini ne. A ƙarshen kaka ya sake zaunar da ni ya ce dogayen nan biyu suna gama karatu, in yi haƙuri. Ban ji ba, don na riga na yi waya da wata makaranta, kuma a gida an riga an fara tambaya me ya sa ba a ganin sunana.

Na tafi. Dokar lokacin ita ce in ka bar jami'ar rukunin farko zuwa wata irinta sai ka zauna shekara guda ba ka buga wasa. Na zauna. Kafin shekarar ta cika aka sallami kocin da ya ɗauke ni, sabon ya zo da yaransa da salonsa na gudu wanda ba ya buƙatar dogo mai nauyin ƙafa. Tallafin karatu a wancan zamani shekara-shekara ake sabunta shi, nawa ba a sabunta ba. Wasu darussan da na ci a makarantar farko ta biyun ba ta karɓa ba. Daga ƙarshe a wata ƙaramar makaranta ta rukuni na biyu na ƙarasa, ina wanke tire a ɗakin cin abincin ɗalibai, digirin da sa'o'ina suka karɓa tuni ni na karɓe shi a makare. Yaron da ke bayana a benci a makarantar farko, wanda nake take shi kullum a atisaye, shi ya gaji gurbin. Na ga sunansa cikin biyar ɗin farko a takardar sakamako a intanet. Ban ce da ni ne da na fi shi ba. Na dai san gurbin ya buɗe kamar yadda aka gaya mini.

In ina ba yara wannan labari sai su ce ai Masai Ujiri ma bai zauna ba. Gaskiya ne. Ɗan Zariya ne, ya yi shekara biyu a kwalejin Bismarck a Dakota ta Arewa, ya koma wata jami'a a Montana ya bar ta ba da jimawa ba, ya yi yawon ƙwallo a Turai, kuma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Ni ma na daɗe ina lallashin kaina da shi. Amma ba a cikin fili ya yi suna ba, kuma Masai nawa aka yi? Ku dubi Olajuwon. Ya bar Legas zuwa jami'ar Houston a 1980, shekarar farko bai buga ko wasa ɗaya ba, ta biyu daga benci yake tasowa. Da hutu ya zo sai ya tafi filin Fonde da ke Houston yana gwabzawa da Moses Malone, wanda a lokacin yana cikin manyan dogayen NBA. A 1983 shi aka zaɓa gwarzon gasar NCAA duk da Houston ta sha kashi a wasan ƙarshe, a 1984 kuma shi aka fara ɗauka a NBA.

Jami'ar Kentucky a kakar 2014-15 ta tara gwanaye har kocinta John Calipari ya raba su gida biyu, biyar su shiga biyar su fito. Babu wanda ya kai minti 30 a matsakaici. Karl-Anthony Towns kusan minti 21 yake bugawa, kuma shi aka fara ɗauka a NBA a 2015. Devin Booker bai fara wasa ko ɗaya ba a kakar, aka ɗauke shi na 13. Sun ci wasa 38 a jere, wanda ya tare su a wasan kusa da na ƙarshe kuwa Wisconsin ce, da dogonta Frank Kaminsky, mutumin da ya yi shekara biyu yana ɗumama benci da minti goma ko ƙasa da haka kafin ya zama gwarzon ɗan wasan jami'o'in ƙasar. Masu neman 'yan wasa ba yawan minti suke dubawa ba, abin da ka yi a cikin wanda aka ba ka suke kallo.

Yaran yanzu ba wannan ke gabansu ba. Yaro ya samu minti uku ya danna ƙwallo ɗaya a kwando, kafin ya yi wanka ya yanka bidiyon ya sa a Instagram da kiɗa. Sau huɗun da aka wuce shi kamar ba ya wurin ba za ka gani ba. Ga 'yan'uwa a zauren WhatsApp na gida, waɗanda ko dokar wasan ba su sani ba, kowa na cewa ana zaluntar yaronmu. Ga masu kiran kansu wakilai suna turo saƙo cikin dare. Tun 2021 aka cire zaman shekara guda ga mai sauya makaranta karon farko, a 2024 aka sake buɗe ƙofar gaba ɗaya, sai tashi ya zama abin da ake yi don an ji haushi ranar Asabar. Kuɗin tallan suna da aka halatta a Yulin 2021 ya ƙara rura wutar, alhali namu da ke can da bizar karatu ba su da damar cin kuɗin nan kai tsaye kamar 'yan ƙasa.

Na yi niyyar jero shawarwari da yawa, da na zauna sai na ga ba su da yawa. Ɗauki takarda ka rubuta sunan duk wanda ke buga gurbinka, da ajinsa, da wanda aka riga aka ɗauko don baɗi. In na gabanka suna gamawa, zauna. Je ofishin koci da rana tsaka, ba bayan an sha kashi ba, ka ce masa, "Koci, me zan gyara in samu minti goma?" In ya ce tsaron gida, to tsaron gida ne, kar ka fito kana cewa ba ya sonka. Buɗe bakinka a fili ko da Turancinka na Tudun Wada ne.

Sai dai kuma, kar ka zauna don ni na ce ka zauna. Zamanin Kaminsky ya wuce. Yau kana jiran mai gama karatu ya tafi, koci yana can fotal yana ɗauko ɗan shekara 23 da ya buga kaka uku a wani wuri ya ajiye a gabanka, don shi ma kujerarsa yake karewa. In ka tambaye shi ido da ido ya kama kame-kame, ko ka ga an ɗauko biyu a gurbinka, tattara kayanka, ba ka ci amanar kowa ba. Amma ka sauka ƙasa inda za ka buga, kar ka bi babban suna ka koma wani bencin da ya fi wannan tsawo. Kuma kafin sunanka ya shiga rajistar nan ka sani makarantarka tana da ikon janye tallafinka a ƙarshen zangon karatu, kuma ba duk wanda ya shiga ke samun mai ɗaukarsa ba. Kai ba ɗan ƙasa ba ne da zai koma ɗakin mahaifiyarsa ya jira. Bizarka a jikin makaranta take rataye. Je wurin mai kula da ɗaliban ƙasashen waje, je wurin mai lissafin darussa, a rubuta maka waɗanne za su bi ka waɗanne za su zube, sannan ka kira gida.