TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 11): Daren Jajibirin Tiyata da Kwanakin da Na Kwana a Zaune

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya ne a ranar da likita ya sa mini ranar aikin tiyatar rage tumbi saboda ƙiba, wata Talata da ƙarfe takwas na safe, ya kuma miƙo mini takardar abin da zan ci na mako biyu kafin ranar.

Takardar nan ta wahalar da ni. Ba tuwo, ba shinkafa, ba masa, sai romo marar mai, ganye, ɗan kifi da madara marar kitse. Dalilinsa shi ne hantar mai ƙiba takan tara kitse ta kumbura, ga shi kuma a kan tumbi take kwance, sai an ɗaga ta kafin a kai ga wurin aiki. Idan ta saɓe aikin ya fi sauƙi. Na ji bayanin na yarda, amma duk wanda ya san Agege ya san ba unguwar da za a hana mutum burodi ba ce. Tun kafin asuba ƙamshinsa ke shigowa ta taga. Sai in yi kwance ina juyi, ciki na kuka, zuciya na saƙe-saƙe.

Ni da barci dama mun daɗe ba ma ga-maciji. Nauyina ya kai kilo 124, ga ni ba doguwa ba, mita ɗaya da ɗigo shida. Kusan shekara shida ina minsharin da yara ke ji daga ɗakinsu. Abin da ya fi tayar wa mijina Alhaji hankali shi ne shirun da ke biyo baya. Numfashina sai ya ɗauke ɗif, ya zauna yana ƙirgawa, har in zabura kamar wadda aka shaƙe. Da safe in tashi da ciwon kai, baki a bushe. A shagona na kasuwar Balogun na taɓa gyangyaɗawa mace na tsaye tana taya leshi, sai yarinyar shago ce ta ƙarasa cinikin. Da aka kwantar da ni dare guda aka liƙa mini wayoyi, aka ce maƙogwarona ne ke toshewa idan jiki ya saki, aka haɗa ni da na'urar da suke kira CPAP, mai hura iska ta hanci. Ta taimaka, sai dai aba ce mai son wuta, kuma kun san Legas. Sai da muka sayi batir da inbata saboda ita.

To ku auna, mace mai irin wannan tarihi a ce za a sa ta barcin da ba ita za ta tashi kanta ba. Wuƙar ba ta dame ni ba ko kaɗan. Allurar barcin ce ta tsaya mini a rai. Tun muna yara muke jin barci ƙanin mutuwa ne, ni kuwa a kwanakin nan sai na riƙa ganin wa da ƙanin a zaune wuri guda suna jirana.

Inna ma ba ta sauƙaƙa mini ba. Ta kira daga Kano ta ce, "Ke da Allah ya ba ki jiki, mutane na ganin kina cikin daula, ki kai kanki a yanke? Wa ya taɓa yin haka a danginmu?" Na ce, "Inna, daular da ba na iya hawa bene, ga hawan jini, ga suga ya fara leƙowa." Ta yi shiru, can ta ce Allah ya sa a tashi lafiya. Yadda ta faɗi "a tashi" ɗin nan ya bi ni har gado.

Abu biyu ne suka rage mini nauyin ƙirji. Na farko, na ɗauko littafi na rubuta duk wanda nake bi da duk wanda ke bina, kuɗin adashen da ke hannuna, da wanda zai riƙe makullin shago. Na ba Alhaji. Ya ɓata rai ya ce, "Hajiya, wannan wane irin fata ne?" Na ce ba fata ba ne, addini ma ya ce kada mutum ya kwana biyu ba wasiyyarsa a rubuce. Wallahi a daren na fi kowane dare samun barci. Ashe rabin abin da nake kira tsoron mutuwa tsoron barin rikici ne.

Na biyu, zaman da na yi da likitan sa barci. Ya sa na buɗe baki, ya duba wuyana, ya tambayi magungunan da nake sha ɗaya bayan ɗaya. Na daure na faɗa masa abin da ke raina, cewa ina tsoron numfashina ya ɗauke kamar yadda ya saba, wannan karon ba mai taɓa ni. Ya ce da zarar na yi barci za a sa mini bututu a maƙogwaro, inji ne zai riƙa yi mini numfashi, shi kuma yana zaune a kaina daga farko har ƙarshe yana kallon bugun zuciya da iskar da ke cikin jinina. Ya yi dariya ya ce a gida ma mijina kaɗai ke gadina, shi ma barci na sace shi. Ya ce in zo da na'urata asibiti, kuma kada in kuskura in sayi maganin barci a kemis in sha, don ga mai irin matsalata yana iya ƙara danne numfashi.

Ranar Litinin da yamma muka hau gadar Third Mainland, ni da Alhaji da Yayata. Kusan kilomita 12 a kan ruwa, ban ce uffan ba har muka sauka. Da dare aka hana ni abinci. Wajen ƙarfe ɗaya na yi babban kuskure, na ɗauki waya na shiga YouTube ina neman bidiyon aikin. Minti uku na kalla jikina ya ɗau rawa. Yaya ta farka ta fizge wayar ta tura cikin jakarta, ta ce, "Ke dai ba kya jin magana tun kina ƙarama." Wata nas Bayarabiya ta leƙo, ta gan ni zaune ido biyu, ta ce, "Pele, Alhaja," wato sannu Hajiya. Ta nuna mini in ja iska ta hanci a hankali, in sake ta ta baki a hankali fiye da yadda na ja. Ta ce ko ban runtsa ba aikin ba zai ɓaci ba, gobe ai barci zan sha har in gaji. Wannan magana ta sauke mini wani nauyin, don har damuwar rashin barcin ma hana ni barci take. Na karanta Ayatul Kursiyyu, na yi Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi na shafe jiki, na kama tasbihin kwanciya, 33, 33, 34, ina haɗa kowanne da fitar numfashi. Ban san inda na tsaya ba. Na dai samu kamar awa biyu.

Aikin kansa ba ni da labarinsa. An ce in ja iska a wata roba, sai na ji ana kiran sunana. Ƙananan huji biyar aka yi mini, aka cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, aka bar shi siriri kamar ayaba.

Abin mamaki, kafaɗata ta hagu ce ta fi ciwo. Na ce wa nas, ni da aka yi wa aiki a ciki, me ya kai ciwo kafaɗa? Ta ce iskar da ake hura wa ciki ce don likita ya samu sarari, ragowarta ke taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyar wurin kuma ta kai saƙon kafaɗa. Maganinta tafiya. A yammacin ranar suka tashe ni, ina riƙe da sandar ƙarin ruwa ina jan ƙafa a baranda, ga safa mai matse ƙwauri, ga allurar hana jini daskarewa. Na yi ta mita, amma gaskiyarsu ce.

Kwana biyu aka sallame ni, kuma a gida ne na gane gado ma sai da lafiya. Ni mai kwanciyar rub-da-ciki ce tun ƙuruciya, yanzu an hana. Na gwada rigingine a miƙe, sai na ji kamar ana jan ɗinkin, ga wani ruwa mai ɗaci na taso mini. Tashi kuwa ya zama aiki, sai an kama ni. A daren farko na haƙura na koma doguwar kujerar falo, na jingina, aka sa mini filo a ƙarƙashin gwiwa, wani ƙarami na rungume a ciki saboda tari ko atishawa. Kwana tara na yi a kujerar nan, da na'urata a hanci, fanka na kaɗawa, autata na shimfiɗe a ƙasa wai ita ce mai jinya, alhali ta riga kowa yin barci. Sallah ma a zaune nake yi.

Alhaji ne ya kawo dabarar da ta mayar da ni ɗaki. Ya je wurin masu katifa ya sa aka yanko masa soso mai gangare, tudu ta wajen kai, yana sirancewa zuwa ƙugu. Ya fi tara filo uku, don filo na zamewa cikin dare ya bar wuya a lanƙwashe. Na koyi sauka kuma: in mirgina gefe, in zuro ƙafafu ƙasa, in tura da hannu, ba in yunƙura da ciki ba. Kunu ko romo na daina sha awa biyu zuwa uku kafin kwanciya, ruwa kuwa kurɓi-kurɓi nake yi duk yini don kada ƙishi ya tashe ni. Don ciwo farasitamol aka ba ni, aka ce in nisanci su ibufurofen da diklofenak da na saba sha don gwiwa, suna iya yi wa sabon tumbin gyambo.

Tsoro bai tafi gaba ɗaya ba. Likita ya lissafa mini alamun da in na gani in taho ko tsakar dare ne: zazzaɓi, zuciya na gudu fiye da 120 a minti, ciwon ciki mai ƙaruwa, numfashi na sarƙewa, ko ƙwauri ɗaya ya kumbura. A dare na shida na farka zuciyata na dukan uku-uku, gumi ya jiƙa ni, na ce shi ke nan ɗinki ya ɓalle. Na tashi Alhaji. Ya kama hannuna yana duba agogo, ya ƙirga 94. Ya sa ma'aunin zafi, lafiya lau. Sai a lokacin muka lura an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, zafin watan Maris ne kawai ke dafa ni. Ya tashi janareto ya dawo yana dariya ƙasa-ƙasa, ni kuwa na ƙi kallonsa.

Da na fara iya kwanciya a gefe sai wata tambaya ta taso. An ce gefen hagu ya fi rage ƙwannafi, ni kuma na saba da dama saboda sunna. Na aika aka tambayi malamin Islamiyyarmu, ya ce in fara da dama in yi addu'o'ina, in lalura ta sa in juya ba komai. Haka nake yi har yau, da filo tsakanin gwiwoyi.

A kwana na 16 na buɗe ido na ga rana a labule. Ban ji kiran asuba ba, ban ji hon ɗin danfo ba, ban tashi fitsari ko sau ɗaya ba. Na yi salati na tashi na yi alwala. Ina idar da sallah waya ta yi ƙara, Inna ce. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba ta ce, "Kin samu barci kuwa?" Na ce, "Inna, har makara na yi." Ta ce, "To ki ce wa mijin naki ya riƙa tashin ki, tiyata ba ta ɗauke sallah ba."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin sunan da na je a Idi-Araba, inda aka ajiye mini faranti shaƙe da shinkafa na ci cokali biyu na ture, da abin da matan wurin suka ce ya same ni.