Fim ɗin dattawan unguwa, mako na huɗu: sauti ya fi ba mu wahala

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana. Fim ɗin na minti 15 ne, kan labaran da dattawanmu na Gadarif, a gabashin Sudan, suka ji daga bakin kakanninsu: tafiyar hajji a ƙafa, hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903 tsakanin Daular Sakkwato da Turawan Ingila har aka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar, da ƙwadagon auduga a gonakin yankin Jazira bayan kammala madatsar Sinnar a 1925. Hira shida aka ɗauka, huɗu suka yi kyau. Sauran biyun sauti ne ya ɓata su.

Hoto ko da ɗan dishi-dishi mutane za su jure, amma in ba a jin maganar Baba, an yi asarar zaman. Makirufo ɗin waya ba ya wadatarwa. A sami ƙaramin na maƙalawa, a sa shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, inda rawani ko carbi ba za su goge shi ba. A kashe fanka, a kashe layin waya, a roƙi masu dakan jabana, wato kofin gargajiyar Sudan, su dakata, domin bugun turmin nan ba ya fita wajen tacewa. Janareta kuwa, in ba za a kashe shi ba, gara a ɗage hirar. Kafin a tashi, kowa ya yi shiru na daƙiƙa 30 a naɗi sautin wurin ba tare da magana ba. Da shi ake cike gurbi in an yanke magana.

Wajen hoto, ingancin bidiyo na 1080p ya isa, a kan firam 25, wato hotuna 25 a kowace daƙiƙa. Wutar Sudan 50Hz ce, wato tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa firam 30 ke sa hasken ƙwan lantarki ya riƙa kyaftawa. Babbar matsala farar jallabiya: waya tana auna hasken rigar, sai fuska ta yi duhu. A danna fuskar a riƙe har haske ya kulle. A zaunar da dattijo a kan angarib, wato gadon igiya, cikin rumfa, haske na shigowa ta gefe, da sassafe ko bayan la'asar. Da rana tsaka waya kan yi zafi ta tsaya da kanta.

Fassarar Larabci a ƙasan hoto dole ce, saboda maƙwabta da kuma yaranmu da Hausarsu ta yi rauni. Kada ta wuce layi biyu, kuma a duba ko manhajar ba ta raba haruffan ba.

Kafin a haska wa jama'a, kowane dattijo zai ga nasa ɓangaren. Abin da ya ce a cire, a cire. Mako mai zuwa za a gwada majigi a kan farin ƙyalle mai faɗin mita uku, bayan sallar isha'i, lasifika a gaba kusa da ƙyallen.