Kujerar da ke bayan jakada a Geneva

Bayan na kammala digiri na biyu a fannin dokokin ƙasa da ƙasa, na sami gurbin horon sanin makamar aiki a ofishin wakilcin wata ƙasa ta Afirka da ke Geneva, a Suwizalan. Ofishin ƙarami ne, jami'ai kaɗan, taruka kuwa ba iyaka. Sai aka ɗora mini bin fannoni biyun da na nema tun a takardata: haƙƙin mata da haƙƙin al'ummomin asali, wato ƙabilun da suka daɗe a yankunansu da salon rayuwarsu na gargajiya amma aka mayar da su gefe.

Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai kujeru 47, tana zama sau uku a shekara. Kujerar gaba ta jakada ce. Tawa ita ce ta bayansa, kwamfuta a cinya, na'urar sauraren tafinta a kunne. Aikina in rubuta wa ya ce me, kafin dare in taƙaita shi zuwa rahoton da za a aika wa ma'aikatar harkokin waje a gida.

Ban daɗe ba na gane cewa a ƙananan ɗakuna ake yin ainihin ciniki. A nan ake haska daftarin ƙuduri a allo, wakilai su bi shi sakin layi bayan sakin layi, wannan ya nemi a ƙara, wancan ya nemi a goge. Kanada ce ta saba kawo ƙudurin yaƙi da cin zarafin mata a zaman watan Yuni, Meziko da Gwatamala kuma na al'ummomin asali a Satumba. Sau da yawa ƙananan ofisoshi ba su da jami'in da za su tura kowane ɗaki, don haka ɗan horo ne idonsu da kunnensu. Ba ni da izinin yin magana da yawun ƙasa, amma abin da na rubuta shi ne abin da gida zai sani.

A watan Yuli, lokacin taron kwamitin ƙwararru kan haƙƙin al'ummomin asali, na ji wata dattijuwa Bororo daga Kamaru ta yi jawabi. Lokacin da ake ba irinsu ɗan kaɗan ne. A babban zauren ma, ƙungiyoyi masu zaman kansu minti ɗaya da rabi suke samu. Cikin ɗan wannan lokaci ta ambaci burtalin da gonaki suka cinye, da mata masu naƙuda nesa da asibiti, da 'yan matan da ba su da takardar haihuwa balle su zauna jarrabawa. Da muka haɗu a wurin shan shayi ta ji ina waya da Hausa, sai ta kama hannuna.

"'Yata, na ga kina ta rubutu. Wa zai karanta?"

"Manya a gida, Inna."

"To, ki sa maganar takardar haihuwar. Ita ce ke rufe wa yaranmu kowace ƙofa."

A al'adar ofishinmu, jawaban ƙasashe kawai ake sa wa a rahoto. Na roƙi shugabata ta bar ni in ƙara sakin layi ɗaya kan abin da wakilan al'ummomin suka faɗa da bakinsu, ta yarda, kuma haka na ci gaba da yi har na gama. A ganina wannan ne aiki mafi amfani da na yi a can.

Wanda zai shiga wannan fanni daga yankinmu ya san akwai takaddama tsohuwa. Ranar 13 ga Satumba 2007, da Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da sanarwar haƙƙin al'ummomin asali, Amurka da Kanada da Ostareliya da New Zealand suka ƙi, ƙasashe 11 kuma suka ƙaurace wa ƙuri'a, Najeriya na cikinsu. Gwamnatoci da dama a Afirka suna cewa ai dukkanmu 'yan asalin nahiyar ne, suna tsoron rarrabuwar kai. Amma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka, a rahoton da ta amince da shi a 2003, ta karkata ga al'ummomin da rayuwarsu ta dogara da kiwo ko farauta kuma aka mayar da su gefe, irin su Bororo da Buzaye da Batwa. Ni ina tare da hukumar. A ɓangaren mata kuma, Najeriya ta amince da yarjejeniyar CEDAW, ta kawar da duk wani nau'in wariya ga mata, tun 1985, har yau ba ta mayar da ita dokar cikin gida ba. A 2022 kwamitin yarjejeniyar ya fitar da shawara ta 39, wadda ta keɓanta ga mata da 'yan matan al'ummomin asali. Ku karanta ta kafin a kira ku ganawa.

Sai maganar kuɗi, wadda ta fi damuna. Ba a biya ni albashi ba, kuma haka yawancin irin waɗannan guraben suke. A 2015 labarin wani matashi ɗan New Zealand da ke kwana a tanti a Geneva yana horo ya karaɗe duniya. Ni a Annemasse na kama ɗaki, tsallaken iyakar Faransa, da tallafin karatu da gudummawar 'yan uwa. 'Yar makiyayi mai digiri, wadda ta fi ni sanin matsalar, da wuya ta iya wannan ɗawainiya. Gare ta akwai shirin horar da 'ya'yan al'ummomin asali da Ofishin Babban Kwamishinan Haƙƙin Ɗan Adam ke gudanarwa tun 1997, wanda ke biyan kuɗin jirgi da na zama. Mai neman gurbi a ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya hanzarta, domin ɗalibai da waɗanda ba su daɗe da kammala karatu ba ake ɗauka. Kuma ya koyi Faransanci, ko da na gaisuwa da karanta takarda ne, don da yawa daga cikin wakilan Afirka da shi suke aiki.