Hutunmu a Masar: raƙumin Giza da kifin Iskandariya

Jama'a mun dawo lafiya, akwatuna ma ba a gama kwancewa ba amma bari in rubuta tun abin da zafinsa. Masu bugo waya suna tambayar ya mai jiki, wallahi ƙalau muke, na san a wajenmu da an ce wane ya tafi Masar to ko dai ganin likita ko karatu a Azhar. Mu hutu kawai muka je, ni da uwargida da yara, ƙaninta da ke karatu a Alƙahira ne ya hana mu sakat sai mun zo.

Tun a wajen duba fasfo raina ya fara ɓaci. Wani jami'i ya karɓi koren fasfon nan namu ya jujjuya shi, ya nuna mana gefe da baki, babu sannu babu bayani, ga Turawa suna ta wucewa ana washe musu haƙora. Da ya ga dama ya tambaye ni abin da ya kawo mu, na ce yawon buɗe ido, ya ƙare min kallo daga hula har takalmi. Sai da na fito da takardar otal da tikitin komawa sannan ya buga hatimi ya turo min fasfon da ɗan yatsa. Hajiya ta riƙe min hannun riga ta ce "Alhaji don Allah ƙyale shi", na haɗiye.

Dalar Giza kam hoto bai gaya muku komai ba. Babbar, ta Fir'auna Khufu, ta haura shekara 4,500, tsayinta na asali wajen mita 146, kuma duwatsun da aka jera sun fi miliyan 2, na ƙasa-ƙasan kowane ɗaya ya kai min ƙirji. Kana tsaye a gindinta sai ka ji ka zama ba kowa ba. Abin da ban zata ba shi ne yadda gari ya matso har jikinta, kana juyawa ga benaye ga shagunan abinci, ni da na ɗauka sai an nutsa cikin sahara. Tikiti kuma kala biyu ne, na ɗan ƙasa daban na baƙo daban, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. Da farko na ji haushi, daga baya na ce to ai gaskiyarsu, mu me muke karɓa a hannun wanda ya zo ganin ganuwar Kano, ita ganuwar ma ina take.

Sai masu raƙuma. Ni da na tashi raƙumi na wucewa ta ƙofar gidanmu da kayan kanwa, wai yau ni ake roƙo in biya kuɗi in hau. Yara suka nace. Mutumin ya ce fam 200 na Masar, muka shirya, suka hau aka zaga aka yi hoto, lokacin sauka ya ce ai waccan kuɗin hawa ne, durƙusar da raƙumi kuɗinsa daban, hoto ma daban. Yara na sama suna kallo na, raƙumi na tuƙa abinsa. Ƙanin Hajiya ya taho da sauri ya ce "Yaya bar ni da shi", ya buɗe masa wuta da Larabcinsu na kan titi, nan take raƙumi ya durƙusa. Nawa Larabcin na Islamiyya kuwa duk inda na yi shi dariya ake, wani direban tasi da na gama masa kwatance cewa ya yi "sadaƙallahul azim". Kuma kowa bakshish, wato na goro, mai nuna maka ƙofar da kake gani da idonka bakshish, mai miƙo maka takarda a banɗaki bakshish. Dalar Amurka ɗaya a lokacin wajen fam 50 take, sai ka ga kamar ba komai, da daddare in ka lissafa da naira sai barci ya gagara.

Iskandariya ce ta wanke min zuciya. Mun hau jirgin ƙasa daga tashar Ramsis, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai, gonaki kore shar hagu da dama ko taki ɗaya ba a bari ba. Muna fitowa titin bakin ruwa iska ta buge mu, ga Bahar Rum shimfiɗe iya ganinka, ƙaramar 'yata ta tambaye ni wai ina ɗaya gaɓar. Tsallaka titin nan kuwa sai ka yi shahada, motoci ba sa tsayawa kowa ke ratsawa da ƙarfin hali, dabarar da na koya ita ce in laɓe a gefen wata tsohuwa in bi ta.

Bakin ruwan yawanci na kuɗi ne, ka biya shiga ka biya kujera ka biya lema, har na fara mita, amma da muka zauna na daina. Iyali ne ko'ina, kaka da jikoki da tukwanen abinci da fulas ɗin shayi, mata na shiga ruwa da dogayen rigunansu da mayafi ba wanda ya kalle su. Hajiya da ta rantse ko ƙafa ba za ta tsoma ba sai ga ta har gwiwa tana ihu igiyar ruwa na dukanta. Masu talla na yawo da wani siririn biskit mai zuma a akwatin gilashi a kafaɗa, ga masara gasasshiya, amma gaskiya tamu ta fi tasu zaƙi nesa ba kusa ba. Shara dai akwai, kar wani ya ce muku babu, leda da bawon ƙwaya a cikin yashi.

Mun shiga ganuwar Ƙaitbay da Sarki Ƙaitbay ya gina a 1477 a daidai inda tsohuwar hasumiyar haska wa jiragen ruwa take kafin girgizar ƙasa ta rushe ta. Daga sama kana hango ƙananan jiragen masunta masu fenti kala-kala cike da mashigar. Babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002 ma mun leƙa, rufinsa a karkace kamar faifai, bangon waje an sassaƙe shi da haruffan harsunan duniya, ciki kuma matasa ne maƙil kowa da littafi, shiru kake ji. Na tuna laburaren garinmu na yi tsaki.

Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin Abul Abbas Al-Mursi, kusa da shi kuma ga na Imam Busiri mai Burda, wadda muka sha ji a bakin iyayenmu lokacin Mauludi, ban taɓa sanin a nan yake kwance ba sai da na gani. Bayan sallama wani dattijo da ke kusa da ni ya tambayi daga ina, na ce Najeriya, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, wai sai mun ci abinci a gidansa. Ni kuma saboda abin da na sha a Giza sai lissafi nake a raina nawa wannan zai caje mu. Gidan a unguwar Anfushi yake, can saman wani tsohon bene, ɗaki biyu ƙanana. Matarsa ta zuro kwando da igiya ta baranda, mai shago a ƙasa ya zuba gurasa ta janye abinta, Hajiya ta saki baki tana kallo. Aka kawo kifi an tsaga shi an shimfiɗa tumatir da albasa da tattasai a kai an gasa, da jar shinkafa, da jatan lande da yarana suka ƙi taɓawa wai ƙwari ne. Tsohon da hannunsa yake cire ƙaya yana tura min tsoka gabana yana cewa "ci ya Hajj, ci". Da za mu tafi na dunƙule kuɗi zan ba jikansa, fuskarsa ta canza, ya mayar min da su aljihu da kansa, ya kuma rako mu har bakin titi ya tsayar mana da tasi ya ja wa direban kunne kan kuɗin da zai karɓa.

Wani abin da ya tsaya min shi ne dare. Ƙarfe ɗaya na dare mata da yara na zaune a kan katangar bakin ruwa suna shan ruwan rake, ba mai waige-waige. Mu da tara ta yi an fara kiran waya kana ina.

Sauran kwanakin gudu-gudu ne. Lambun Muntaza yana da kyau amma mun gaji. Mun koma Alƙahira, mun yi salla a Azhar, mun gaisa da ɗalibai 'yan gida da suka yi mana tuwo da miyar kuka don ni koshari ya ishe ni, shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya. Jirgin ruwa a Nilu kiɗa ya yi yawa. A kasuwar Khan Khalili duk abin da aka ce maka ka raba uku ka fara tayi daga nan, Hajiya ta jido abayoyi har sai da muka biya kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi, kuma na tabbata rabinsu akwai su a Kwari.