A Panteka ake cin kasuwar mota

Mai sayen mota a Kaduna tambayoyi uku yake tafe da su, ko da bai furta ba. Idan ta lalace akwai kayanta? Bakanikena ya san ta? Ranar da na matsu, zan iya sayar da ita da daraja? Fenti da kujerun fata da sanyin na'ura duk a baya suke zuwa. Daga yaron fili na fara wannan sana'a, ina wanke motoci ina tayar da su da safe don kada batir ya kwanta, har na kai ga riƙe wa maigidana littafin ciniki, kuma ban taɓa ganin cinikin da ya tsallake waɗannan tambayoyin ba.

Maigidana yana da ƙa'ida guda. Idan dillali ya kawo mana samfurin da ba mu saba da shi ba, sai ya ce, "Kai yaro, je kasuwar kayan gyara ta Panteka ka tambayo mini fitilarta da famfon manta." Idan na same su a shago biyu ko uku, kowa da farashinsa, sai ya saya. Idan aka ce mini sai an aiko daga Ladipo a Legas, sai ya ce wa dillalin, "Malam, Allah ya ba da kasuwa," a yi sallama. Na ga motoci masu kyau, ƙarfensu lafiya, sun yi watanni a fili rana tana cin fentinsu, alhali Corolla da Camry da Peugeot 406 ba sa daɗewa. Sau da yawa wadda ta kwanta ɗin ta fi su inganci. Abin da ta rasa shi ne jama'a a bayanta: mai kayan gyara, bakanike, mai gyaran wayar lantarki, mai gyaran giya, da direban da zai ce wa ɗan'uwansa ya saya ba fargaba.

Mu mutanen Kaduna bai kamata a koya mana wannan ba, domin a gabanmu aka yi. An kafa kamfanin Peugeot na Najeriya a 1972, ya fara haɗa motoci a unguwar Kakuri a Kaduna a 1975. Lokacin tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe, har ta kai ana ɗauko sassan motar ta jirgin sama daga Lyon a Faransa zuwa Kano, sannan a kawo su Kaduna a haɗa. A wannan zamanin aka kafa Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, ANAMMCO a Enugu, da kamfanin manyan motoci na Fiat a Kano. Cikinsu duka babu wanda ya shiga jinin mutanen Arewa kamar Peugeot. Gwamnati ta mayar da 504 motar ofis, direbobin tasha suka rungumi mai dogon baya, kuma kowane gari, komai ƙanƙantarsa, yana da bakaniken da zai kwance injinta ya mayar. Faransa ta daina ƙera 504 tun 1983, amma a Kaduna an ci gaba da haɗa ta har shekaru ashirin da ɗoriya bayan haka. Har yau, saboda wannan gadon, 406 tana da kasuwa a Arewa fiye da yadda take da ita a Kudu.

To me ya durƙusar da masana'antar da ke da irin wannan gata? A fahimtata abu biyu ne, kuma dukansu sun shafi ƙaramin ɗan kasuwa irina.

Na farko, ana sayarwa da naira, ana sayo kaya da kuɗin waje. Yawancin sassan motar daga waje suke zuwa, tunda masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da aka ɗora wa buri ba ta taɓa kammaluwa ba. Da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai tokumbo ta Kwatano ta cike gurbin. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a 2023. Dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin a saki naira a watan Yuni, farkon 2024 kuwa ta haura 1,500. Na san dillalan da suka sayar da motocinsu da riba mai kyau a lissafin littafi, da suka koma sayo wasu sai kuɗin mota uku ya kawo biyu. Tun daga lokacin na daina sa wa mota farashi bisa abin da na saye ta. Abin da zan kashe in mayar da irinta fili, shi nake dubawa. Wasu masu saye suna ganin son kai ne, ni kuwa na ga yadda jarin mutane ya narke suna murnar ciniki, kuma abin ya yi mini ciwo domin cikinsu akwai waɗanda muka taso tare.

Na biyu shi ne jingina da mai saye guda. Muddin gwamnati tana saye, komai lafiya. Da aka shigo da tsarin biyan ma'aikata kuɗi a maimakon ba su motar ofis a 2003, kuma manya suka koma hawan motocin Japan, sai kasuwa mafi girma ta janye. An sayar da kaso mafi yawa na kamfanin Peugeot ga 'yan kasuwa a 2006, zuwa 2012 bashi ya sa AMCON, hukumar da ke karɓar basussukan bankuna da suka maƙale, ta karɓe shi. Irin wannan yana faruwa da ƙananan dillalai: mutum ya samu kwangilar kai motoci wata ma'aikata, ya yi watsi da malamin makaranta da ɗan kasuwar da suke zuwa da kuɗinsu a hannu, sannan biya ya maƙale, ko a canza shugaba. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ruwan cikin dillali su ne waɗannan ƙananan masu sayen da suke dawowa, suna turo ƙannensu da surukansu.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin kare masu haɗa mota a gida. Tsarin 2013 ya ɗaga kuɗin fito a kan motocin waje, daga Janairun 2017 kuma aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa. Farashi ya tashi, amma mai neman mota bai koma sabuwa ba, ya koma ta hannu ce kawai, wadda wani ya hau a nan gida. Dalili a fili yake: kuɗi a dunƙule ake sayen mota a ƙasar nan. Ruwan banki ya yi yawa, da yawa daga cikin mutanenmu ma ba za su taɓa shi ba saboda addini. Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kano da Kaduna, ya nuna akwai hanyar da banki zai sayi abu ya sayar maka ka biya a hankali, sai dai har yanzu wannan bai kai ga direban tashar Kawo ko Mando yadda ya kamata ba.

Yanzu gasa ta sake salo. Kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa motoci a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja a 2022, Innoson yana Nnewi, motocin Sin irin su GAC da Chery da Changan suna ta shigowa da farashin da ya fi na Japan sauƙi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, an samu tambaya ta huɗu a bakin mai saye: yaya shan manta? Manyan motoci masu silinda shida da a da ake rububinsu sun yi nauyi a fili, direbobin haya kuma suna tambayar yadda ake mayar da mota ta koma amfani da gas.

Ina son masu haɗa mota a Kaduna su yi nasara, domin na san gidajen da albashin Kakuri ya raina, na kuma san yadda unguwannin suka koma bayan masaƙu da masana'antu sun yi sanyi. Da za su ji tawa, kuɗin da suke kashewa a bikin ƙaddamarwa da allunan talla su raba shi biyu, rabi ya tafi Panteka. A ɗauki yaran gareji a koya musu na'urar gano matsalar mota, tunda motocin yanzu kwamfuta ce ke tafiyar da su, bakaniken da ya ƙware a kan 504 kuwa kunne da hannu ya sani. A zuba kayan gyara a shaguna bashi, a kan farashin da zai bar wa mai shago riba. A kuma yarda a karɓi tsohuwar motar mutum a cika masa sabuwa, don ya tabbata abin da ya saya yana da daraja gobe. Wata Hajiya da ta zo duba wata sabuwar mota 'yar Sin kwanakin baya ta zagaya ta, ta zauna a ciki, ta yaba, sannan ta kira bakanikenta a waya. Ya ce mata bai taɓa buɗe irinta ba. Corolla mai shekara goma ta saya.