Aikinmu a Bronx: tsaya wa mai gida kafin a buga gwanjo

Ofishinmu na lauyoyi da ke Bronx, wani yanki na birnin New York, ƙarami ne, kuma aikinmu guda: tsaya wa mutumin da bashin gida ya sha kansa, banki na shirin yi masa gwanjo. Yawancin masu zuwa mutanenmu ne, direbobin tasi da masu jinyar tsofaffi.

A Amurka kowace jiha da dokarta. A Texas banki bai buƙatar alƙali, sanarwar kwana 21 ce, sai gwanjo ranar Talatar farko ta wata. Nan New York kuwa dole a bi ta kotu, kuma kafin banki ya kai ƙara sai ya aiko da gargaɗin kwana 90.

Wannan gargaɗin shi na fi ƙwarewa a kai. Wata dattijuwar lauya ce ta koya mini a 2009, lokacin da gidaje ke ta kuɓuce wa mutane. Sai ta ajiye mini takarda da ambulan ɗinta ta ce, "Ɗana, duba da kyau." An aiko ta hanyoyi biyu na gidan waya kamar yadda doka ta ce? Ambulan ɗinta daban? Girman rubutun ya kai? An jera aƙalla hukumomi biyar masu ba da shawara? Ɗaya ya ɓace, ƙarar na iya rushewa. Har yau ba na karɓar hoto a waya, sai na riƙe takardar da hannuna.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne 'yan damfara masu kiran kansu masu ceton gida. Suna bin sunayen da aka shigar kotu, su ƙwanƙwasa ƙofa, su karɓi kuɗi tun kafin aiki, alhali doka ta hana. Wasu har su sa mutum ya sa hannu a takardar mallakar gidansa. Mafi muni, sukan ce kada ya amsa sammaci, ga shi kwana 20 ne kacal idan hannu da hannu aka ba shi, ko 30 idan ta wata hanya ce.

Mu kuwa muna raka mutum zaman sulhun da kotu ke tilasta wa banki, da takardun albashi da na haraji a jere, mu nemi a sassauta biyan wata-wata. Ko an riga an yi gwanjon, rarar kuɗin bayan an biya basussuka ta mai gida ce, kuma muna bin ta. Waɗancan masu ƙwanƙwasa ƙofar ma ita suke farauta, don haka a kawo mana kowace takarda kafin a sa hannu.