Agwagin da Ke Tafiya a Miƙe

A ƙarshen daminar bara na samu ƙwai goma sha biyu na wata irin agwagwa da ba kasafai ake ganinta a ƙasar Haɗejiya ba, wadda Turawa ke kira Indian Runner. Asalinta daga tsibiran Indonesiya ne, inda manoma suka daɗe suna kora ta gonakin shinkafa kamar yadda muke kora awaki kiwo, domin ta tsince ƙwari da dodon koɗi. Ba ta tashi sama, kuma ba ta rangaji irin na agwagwarmu. A miƙe take tafiya kamar kwalba, wuyanta a sama, tana sauri.

Aibinta shi ne ba ta cika yin kwanci ba, duk inda ƙwai ya zo mata nan take ajiye shi ta wuce. Tunda wutar lantarki ba ta da tabbas a ƙauyenmu, ban yi tunanin injin ƙyanƙyasa ba, sai na nemi taimakon tsohuwar agwagwar mahaifiyata. A nan ne Inna ta hana ni yin kuskure, ta ce, "Ɗan nan, kwashe nata ƙwan gaba ɗaya tukuna." Gaskiyarta kuwa, domin ƙwan agwagwarmu ta gida kwana 35 yake yi, na baƙuwar kuma kwana 28, saboda haka da na haɗa su, da uwar ta tashi da 'ya'yan da suka riga fitowa ta bar sauran su huce.

A dare na bakwai na haska kowane ƙwai da tocila a cikin ɗaki mai duhu. Tara sun nuna jijiyoyi ja sirara kamar saƙar gizo-gizo, uku kuwa fayau suke, na cire su kafin su zama baragurbi. Da hunturu ya fara busawa na riƙa yayyafa ruwa a ƙasan akurkin, saboda bushewar iska tana sa fatar cikin ƙwai ta yi tauri har ɗan ya kasa fasowa. Takwas suka fito, shirwa ta ɗauke ɗaya, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Wahalar da ta fi ƙyanƙyasa ita ce tsare irin. Idan toron agwagwarmu ya bi baƙuwar, 'ya'yan da za a samu za su yi girma da nama, amma ba za su hayayyafa ba, kamar dai alfadarin da ake samu tsakanin jaki da goɗiya. Maƙwabta sun sha roƙona in sake su su cuɗu da nasu, ni kuwa na ƙi, na kewaye musu wuri daban da zana, ina ba su dusa da gara. Kowace safiya ni da kaina nake kora su fadama bayan sun gama saka ƙwai, in dawo da su kafin la'asar.